Riƙon Sanduna Huɗu a Kiɗan Marimba: Ire-irensa da Matakan Koyonsa

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Amma a duniyar kiɗa akwai wani rukunin makaɗa da sana'arsu ta tilasta musu riƙe sanda biyu a kowane hannu, su kuma sarrafa kowace sanda dabam da 'yar'uwarta. Waɗannan su ne makaɗan marimba da dangoginta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake wannan riƙo, da dalilin da ya sa aka sami ire-irensa har guda huɗu, da kuma matakan da ɗalibi zai bi kafin hannunsa ya faɗa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowane riƙo ciniki ne: ribar da aka ci ta wani gefe, sai an biya kuɗinta ta wani gefen. Wanda ya gane haka tun farko ya huta da yawon sauya riƙo, ya kuma tsirar da hannunsa daga ciwo.

2.0 Marimba da Dangoginta

Marimba abin kiɗa ce da aka yi da katakai masu bambancin tsawo, aka jera su bisa igiya daga babba zuwa ƙarami. Babban katako yana ba da murya mai kauri, ƙarami kuwa murya siririya. A ƙarƙashin kowane katako akwai bututu wanda aka auna tsawonsa daidai da muryar katakon, don ya ƙara mata amo. Ana bugunta da sanduna masu kan roba da aka naɗe da zare, irin abin da makaɗan Hausa ke kira makaɗi ko gula, sai dai waɗannan miƙaƙƙu ne, tsawonsu kimanin santimita 40.

Sunan marimba daga harsunan Bantu ya fito, kuma dangin wannan abin kiɗa sun daɗe a Afirka. Lokacin da Ibn Batuta ya ziyarci daular Mali a shekarar 1352, ya ga ana buga wani abu mai ƙananan ƙorai a ƙarƙashinsa a fadar sarki, wanda masana ke ɗauka kakan balafon ne. Haka nan akwai gyil ta Dagara a arewacin Gana, da timbila ta mutanen Chopi a Mozambik. Ta hanyar bayin da aka kwashe daga Afirka ne wannan kiɗa ya isa Amurka ta Tsakiya. A ƙarshen ƙarni na 19 masassaƙan Gwatamala da na jihar Chiapas ta Meksiko suka ƙara mata jeri na biyu na katakai, tsarinta ya koma kamar na fiyano. A shekarar 1978 Gwatamala ta ayyana ta a matsayin abin kiɗan ƙasa.

Babbar marimbar da ake bugawa a zaurukan kiɗa a yau tana da katakai 61, watau zango biyar. Abin da ake nufi da zango a nan shi ne nisan da ke tsakanin wata murya da takwararta ta sama, wanda Turawa ke kira oktaf. Tsawon irin wannan marimba ya kai mita biyu da rabi. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce baibirafon, wadda ke da falankan ƙarfe 37 a maimakon katako, da kuma abin takawa da ƙafa don tsayar da amo. Ita ce makaɗan jaz suka fi so.

3.0 Dalilin Ƙara Sanduna

Mai fiyano yana da yatsu goma, kowane yana iya danna tasa murya. Mai marimba kuwa, in sanda biyu ce kaɗai a hannunsa, muryoyi biyu kawai zai iya tayarwa a lokaci ɗaya. To, kiɗan Turai ya dogara ne bisa haɗa muryoyi uku ko huɗu su tashi tare, ana waƙa a sama ana rakiya a ƙasa. Saboda haka sanda biyu ta gaza.

An bi hanyoyi dabam-dabam wajen warware wannan matsala. A Gwatamala raba aikin aka yi tsakanin mutane: makaɗa uku ko huɗu su tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan marimba ɗaya, wani yana jan waƙa, wasu suna yi masa rakiya. Mutanen Bura na kudancin Borno kuwa, a wajen buga tsinza, wadda ƙahonin shanu ke ƙara wa amo, sanduna masu baki biyu suke sassaƙawa kamar gwafa, ta yadda hannu ɗaya zai sami katako biyu a bugu guda. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai tazarar da ke tsakanin bakunan biyu ƙayyadaddiya ce, masassaƙi ya riga ya yanke ta.

Makaɗin zamani yana so ya yi aikin mutum huɗu shi kaɗai, kuma yana so tazarar ta buɗe ta rufe duk lokacin da kiɗa ya nema. Ashe ke nan wahalar ba a ɗaukar sanda biyu take ba. Wahalar tana wajen buɗe tazara da rufe ta cikin hanzari, da kuma sa sanda ɗaya ta yi bugu alhali ɗayar tana tsaye cik. A kan waɗannan abubuwa biyu ne kowane riƙo ya sami ƙarfinsa da rauninsa.

4.0 Ire-iren Riƙo

Kafin a shiga bayani, ya kyautu a tantance kalmomi. Sandar da ke gefen babban yatsa ita za a kira sandar ciki. Wadda ke gefen ƙaramin yatsa kuwa ita ce sandar waje. Yatsun su ne babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da na zobe, da ƙarami. Ire-iren riƙo sun rabu gida biyu: waɗanda sanduna ke gittawa a tafin hannu, da waɗanda ba sa gittawa.

4.1 Riƙon Gargajiya

Wannan shi ne mafi daɗewa. Tafin hannu yana kallon ƙasa, sanduna biyu sun gitta juna a cikinsa kamar almakashi. Sandar ciki ita ke manne da tafi, ta waje tana ƙarƙashinta. Yatsan zobe da ƙarami su ke tallafe magamar, sai a tura babban yatsa da manuniya tsakanin sandunan idan ana son buɗe su. Amfaninsa shi ne ƙarfi da kwanciyar hankali, domin hannu duka ya rungume sandunan, da wuya ɗaya ta suɓuce. Aibinsa kuwa, rufe tazara bayan an buɗe ta yana ɗaukar lokaci, kuma motsin sanda ɗaya yakan ja ɗayar.

Kada mai karatu ya zaci tsufansa ya sa an yi watsi da shi. Keiko Abe, 'yar Japan da aka haifa a Tokyo a 1937, da wannan riƙo ta shahara a duniya. Ita ce ta yi aiki da kamfanin Yamaha har aka fito da marimba mai zango biyar a shekarar 1984. Nancy Zeltsman ta Amurka ma da shi take kiɗa, da shi take koyarwa.

4.2 Riƙon Burton

Gary Burton makaɗin jaz ne Ba'amurke, an haife shi a 1943, ya daɗe yana koyarwa a Kwalejin Kiɗa ta Berklee da ke Boston kafin ya daina kiɗa a 2017. A shekarun 1960 ne riƙonsa ya bazu. Shi ma gittawa ake yi, amma an juya tsarin: sandar waje ita ke manne da tafi, tana fita ta tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, ta ciki kuwa tana ƙarƙashinta. Sandar waje a kafe take, ta ciki ce ke tafiya, babban yatsa da manuniya suna jan ta daga gaba, ƙaramin yatsa yana sarrafa gindinta daga baya.

Wannan 'yar juyawa ta kawo sauƙi mai yawa wajen buɗewa da rufewa. Daɗin daɗawa, sandar waje ta hannun dama takan zama tamkar ci gaban hannu, ta yadda za a iya jan waƙa da ita cikin gudu da ƙarfi. Haka nan riƙon ya dace da wata dabara ta masu baibirafon, inda ake danne falanki da kan sanda ɗaya don a kashe amonsa yayin da wata ke buga na gaba. Masu wannan riƙo sun fi son sanduna masu ɗan lanƙwasa, waɗanda ake yi da karan ratan.

4.3 Riƙon Musser

Clair Omar Musser, wanda ya rayu daga 1901 zuwa 1998, makaɗi ne kuma maƙerin marimba. Shi ne ya jagoranci makaɗa 100 suka buga marimba tare a baje kolin duniya na Shikago a 1933. A riƙonsa sanduna ba sa gittawa. Yatsan zobe da ƙarami su ke riƙe da sandar waje, wadda ke fita ta tsakanin yatsan tsakiya da na zobe. Sauran yatsu uku su ke riƙe da ta ciki. Tafi yana kallon ƙasa. Tunda sandunan ba sa taɓa juna, kowace ta sami 'yancinta, amma nauyin sandar waje gaba ɗaya ya faɗa kan yatsu biyu mafi rauni a hannun ɗan Adam.

4.4 Riƙon Stevens

Leigh Howard Stevens, wanda aka haifa a 1953, ya ɗauki riƙon Musser ya yi masa gyara a shekarun 1970, ya kuma bayyana tsarinsa a littafinsa mai suna Method of Movement for Marimba, wanda ya fito a 1979. Babban gyaran shi ne ya juya hannu, babban yatsa ya koma sama, kamar mutum zai miƙa hannu a gaisa. Ana kama sandunan a can gindinsu, gindin ta ciki yana tokare da tafi kusa da tushen babban yatsa. Idan ana son buɗe tazara, sai a mirgina sandar ciki tsakanin babban yatsa da manuniya.

Da wannan riƙo hannu ɗaya yana iya haɗa katakai biyu da tazararsu ta wuce zango guda, kuma kowace sanda tana iya nata bugun. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne jinkirin koyo. Watannin farko sandar waje takan yi ta sunkuyawa, fatar gefen yatsan tsakiya takan yi bororo, kuma samun ƙarfin amo yakan ɗauki lokaci. Masu wannan riƙo sun fi son sanduna masu tauri da ba sa lanƙwasa, domin sandar da aka kama a gindi, in tana rawa, ba za ta sauka inda aka nufa ba.

5.0 Matakan Koyo

Ko wane riƙo ɗalibi ya ɗauka, matakan koyo kusan iri ɗaya ne. Abu na farko shi ne ya ƙware da sanda biyu, ya san wurin kowace murya ba tare da lalube ba. Wanda bai iya tafiya ba ba a ɗora masa kaya.

Mataki na biyu shi ne riƙo ba tare da bugu ba. Ɗalibi ya zauna da sandunan a hannu, yana buɗewa yana rufewa a hankali, yana duban madubi don ya tabbatar kawunan huɗu suna kan layi ɗaya, babu wanda ya fi wani tashi. Bayan haka ya riƙa bugun matashi ko tabarma. Wannan yana da amfani ƙwarai ga wanda bai mallaki marimba ba, domin abu ne mai tsada da cin wuri, kuma yawancin ɗalibai a makaranta kaɗai suke samun taɓa ta.

Mataki na uku shi ne koyon ire-iren bugu. Stevens ya kasa su gida huɗu, kuma malamai da yawa sun karɓi wannan rabo ko da ba riƙonsa suke bi ba. Na farko shi ne bugun tare, inda sanduna biyu na hannu ɗaya ke sauka lokaci guda, motsin yana fitowa daga wuyan hannu. Da shi ake farawa, a matsakaiciyar tazara inda hannu ya fi sakewa. Abin lura a nan shi ne kunne ya ji amo ɗaya, kada ya ji wata ta riga wata. Na biyu shi ne bugun kaɗaici, inda sanda ɗaya ke bugu ɗayar tana tsaye. Ana yin sa ne da murɗa hannu kamar mai buɗe ƙofa da mabuɗi, sandar da ke hutawa ta zama turken da ake juyawa a kansa. Na uku shi ne bugun karɓa-karɓa, ta ciki ta buga, ta waje ta amsa. Na huɗu shi ne bugun gefe, inda motsi ɗaya na hannu ke haifar da bugu biyu a jere cikin sauri. A cikin duka huɗun ƙa'ida ɗaya ce: sanda ta tashi daga sama, ta sauka, ta koma inda ta fito nan take. Ana ɗebo amo ne daga katako, ba a danna shi ciki.

Mataki na huɗu shi ne sauya tazara a tsakiyar kiɗa. A nan ne marimba ke yi wa ɗalibi wayo. Katakan gefen hagu sun fi na dama faɗi, saboda haka buɗin da ya haɗa zango guda a sama ba zai isa ba a ƙasa. Dole hannu ya koyi awon kowane yanki. Dabarar ita ce a sauya tazara yayin da sanda ke komawa sama, ta yadda kafin ta sake sauka ta riga ta tsaya bisa katakon da ake nufi. Bugu da ƙari, idan sanda ɗaya tana jerin gaba ɗayar tana jerin baya, gwiwar hannu ce za ta fita ko ta shiga don ta daidaita su, ba wuyan hannu za a karya ba.

Mataki na biyar shi ne jan amo. Muryar katako ba ta daɗewa, da an buga ta mutu. Idan ana son doguwar murya sai a yi ta bugu a jere kamar yayyafi. Mafi sauƙi shi ne hannu biyu su riƙa karɓa-karɓa. Mafi wuya kuwa shi ne hannu ɗaya ya ja amo da sandunansa biyu yayin da ɗaya hannun ke wani aiki dabam, kuma a nan ne riƙon da ba ya gittawa ya fi nuna fifikonsa.

Tare da duk wannan, ɗalibi ya lura da wurin da yake bugu. Tsakiyar katako da bakinsa su ke da amo. Wurin da igiya ta ratsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar daga kowane gefe, mataccen wuri ne. Ya kuma saba da tafiya da ƙafa, domin ba a tsayawa wuri ɗaya a gaban abin da ya kai mita biyu da rabi. Bayan ya sami waɗannan, sai ya shiga ƙananan kiɗe-kiɗe. Wanda malamai suka fi ba masu koyo shi ne Yellow After the Rain na Mitchell Peters, wanda aka wallafa a 1971.

6.0 Lafiyar Hannu

Ciwo iri biyu ne ke samun mai koyo, kuma wajibi ne ya rarrabe su. Bororo a fata abu ne da aka saba gani. Yakan warke ya zama kanta, kuma ana iya naɗe wurin da filasta kafin nan. Amma zafi a cikin wuyan hannu, ko zugi mai hawa zuwa gwiwar hannu, ko mutuwar yatsu, alama ce ta jijiya ta gaji. Wannan ba a yi masa jarumta. A ajiye sanduna, a huta, in ya ƙi tafiya a ga likita. Galibi matse sanda fiye da kima ne ke jawo shi, domin mai tsoron kada sanda ta faɗi yakan damƙe ta da dukan ƙarfinsa. Tsayin marimba ma yana da hannu a ciki: in ta yi ƙasa ainun ko ta yi sama, wuyan hannu zai lanƙwashe a kowane bugu. A farkon koyo, minti 10 ko 15 sau da yawa a yini ya fi sa'a biyu a zama ɗaya.

7.0 Wane Riƙo Za a Zaɓa?

An daɗe ana muhawara tsakanin mabiya waɗannan hanyoyi, amma tarihi bai ba kowa nasara ba. A makarantun Amurka ana yawan ganin riƙon Stevens a kan marimba, na Burton a kan baibirafon. A Japan riƙon gargajiya yana da ƙarfi. Ney Rosauro na Burazil ya ɗauki riƙon Burton ya yi masa nasa gyaran. Akwai ma masu riƙe sanda uku a kowane hannu, watau shida ke nan, ko da yake ƙarin sanda yana rage 'yancin kowace.

Bisa ga haka, abubuwa uku ne ya kamata su ja ragamar zaɓi. Na farko shi ne irin kiɗan da ɗalibi ke nufi. Mai son jaz da kiɗa mai ƙarfi, riƙon Burton zai fi saurin kai shi. Mai son kiɗan da muryoyi huɗu ke tafiya kowace da hanyarta, riƙon Stevens ya fi buɗe masa ƙofa. Na biyu shi ne malamin da ke kusa, domin gara riƙon da wani zai duba ya gyara da wanda za a kwaikwaya daga hoto kaɗai. Na uku shi ne halittar hannun kansa, tunda yatsu ba ɗaya suke ba. In an zaɓa kuma, a daure a tsaya a kai har hannu ya faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma warware sabon da hannu ya yi ya fi koyon farko wuya. Wanda ya ƙware a riƙo ɗaya yana iya ƙara na biyu daga baya, kamar yadda makaɗa da dama suke yi.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda buƙatar haɗa muryoyi da yawa ta sa makaɗin marimba ya ƙara sanduna, da yadda wannan ƙari ya haifar da matsalar tazara da ta 'yancin kowace sanda. An ga riƙon da ke gittawa yana ba da ƙarfi da saurin koyo, amma yana tauye 'yanci, yayin da wanda ba ya gittawa ke ba da 'yanci da faɗin tazara, amma yana neman haƙuri mai tsawo. An kuma jero matakan koyo tun daga riƙo kawai har zuwa jan amo da hannu ɗaya. Keiko Abe da Gary Burton da Leigh Howard Stevens ba riƙo ɗaya suka yi ba, amma kowannensu ya kai inda ake kaiwa, domin kowanne ya san abin da riƙonsa ke iyawa, ya kuma yi shekaru yana cike inda ya gaza.